Masu cike takardar DV a sibar Maradi: abin da jikarka ke saya da abin da ba ta saya

Da watan Oktoba ya kama, an saba ganin allunan nan sun fito a ƙofar siba (shagunan intanet) da shagunan ɗaukar hoto a Maradi, daga kewayen babbar kasuwa har hanyar Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo: tutar Amurka, baƙaƙen DV manya-manya, wani ma ya ƙara da hoton jirgin sama. DV shiri ne na gwamnatin Amurka da ke raba bizar zaman dindindin ta hanyar ƙuri'a. Aikin da ake sayarwa bai taka kara ya karya ba. A ɗauke ka hoto, a shigar da bayananka a shafin gwamnatin Amurka, a buga maka takardar shaida, ka biya jika (sefa dubu) ɗaya ko biyu ka kama gabanka. Idan kuran (wutar lantarki) bai ɗauke ba, minti ashirin ya wadatar. Sai dai a cikin minti ashirin ɗin nan ake tafka kurakuran da ba su fitowa fili sai bayan shekara guda da rabi, a gaban jami'in biza, lokacin da mutum ya riga ya sayar da fili ko ya ci bashin ƴan'uwa.

Kafin a zo ga ingancin aikin, akwai maganar da ta fi komai nauyi, wadda masu shago da yawa ba su faɗa wa mai kawo kuɗi. A Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka da ke Yamai ya dakatar da bayar da biza ta yau da kullum. Oktoban 2025 ta zo ta wuce ba a buɗe rajistar DV kamar yadda aka saba ba. Ranar 16 ga Disamba 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a sanarwar da ta saka Nijar, tare da Mali da Burkina Faso da Sudan ta Kudu da Siriya, cikin ƙasashen da aka hana ƴan ƙasarsu shiga Amurka, daga 1 ga Janairun 2026. Najeriya ta faɗa jerin waɗanda aka taƙaita wa, kuma bizar zaman dindindin tana cikin abin da aka rufe mata. Kwanaki kaɗan bayan haka, sakamakon harbin da aka yi a Jami'ar Brown, wanda hukuma ta ɗora wa wani ɗan Fotugal da ya samu katin zaman dindindin ta hanyar DV a 2017, gwamnati ta sanar da dakatar da shirin shi kansa. Saboda haka duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ce zai ajiye maka gurbi, ko zai shigar da kai tun kafin a buɗe, ya sayar maka da abin da babu shi. Rajistar DV ba ta da layin jira. Shafin dvprogram.state.gov ko dai a buɗe yake ko a rufe, kuma kowa zai iya dubawa a wayarsa kyauta.

Duk da haka aikin ya cancanci a duba shi. Shirin yana rubuce cikin doka, majalisar Amurka ce kaɗai ke iya soke shi ɗungurungum, kuma an taɓa toshe shi a 2020 aka sake buɗewa a 2021. Allunan za su dawo ranar da aka buɗe. Ƙaryar da aka rubuta da sunanka kuwa ba ta gogewa don gwamnati ta canja.

Rabon da ake jayayya a kansa

Masu siba suna tallar DV a matsayin sa'a tsagwaronta: kwamfuta ce ke zaɓa, rabonka ne kawai. Kwamfutar ce ke zaɓa, haka ne. Amma ƴan majalisa ne suka yanka rabon da take rabawa, kuma Amurkawa sun fi shekara 30 suna kai ruwa rana a kansa.

A 1965 Amurka ta soke tsohon tsarinta da ke fifita Turawan arewa da yammacin Turai, ta koma fifita dangin waɗanda ke can da masu sana'a. Ƴan Asiya da Latin Amurka suka cika layin, ƴan Ailan da Italiya suka ga hanya ta ƙuntace musu. Ƴan majalisa masu goyon bayan ƴan Ailan, irin su Edward Kennedy da Brian Donnelly da Bruce Morrison, suka matsa lamba sai da aka buɗe wata ƙofa don ƙasashen da ba su aika mutane da yawa. Dokar shige da fice ta 1990, wadda George Bush babba ya sa wa hannu, ita ta kafa shirin. A shekarun share fage, 1992 zuwa 1994, kashi 40 cikin 100 na bizar Ailan kaɗai aka keɓe wa. Daga 1995 aka shiga tsarin da muka sani: biza har 55,000 a shekara, duniya an raba ta shiyya shida, babu ƙasar da za ta kwashi fiye da kashi 7 cikin 100, kuma ƙasar da ta aika fiye da mutum 50,000 cikin shekara biyar da suka gabata a cire ta. Da wannan lissafin aka cire Najeriya tun daga DV-2015, wato zagayen shekarar 2015.

Ƙofar da aka sassaƙa don Ailan, Afirka ce ta fi shiga ta cikinta a mafi yawan shekarun da suka biyo baya. Masu adawa suna cewa zaɓen mutum bisa ƙasar da aka haife shi wariya ce ko da niyyar mai kyau ce, gara a bi tsarin maki irin na Kanada, wanda tun 1967 ke auna ilimi da sana'a da harshe. Suna kawo batun tsaro, musamman tun da wani ɗan Uzbekistan da ya shiga ta DV ya kashe mutum 8 da mota a birnin New York ranar 31 ga Oktoba 2017. A shekarar nan sanatoci Tom Cotton da David Perdue suka kawo ƙudurin soke shirin. Ƙudurin gyaran shige da fice da majalisar dattawa ta amince da shi a 2013 ma ya ƙunshi soke shi, sai dai bai zama doka ba, kuma ƙungiyar baƙaƙen ƴan majalisa ta yi tsaye wajen kare shi. Hujjar masu karewa ita ce wanda ba shi da ɗan'uwa a can, ba shi da kamfanin da zai nema masa, wannan ce kaɗai ƙofarsa.

Mu a Nijar wannan gardamar ba baƙuwa ba ce. Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, cikin kujeru 171 na majalisar dokoki, 8 an keɓe su ga ƙananan ƙabilu. Dokar kason mata ta 2000 ta fara da kashi 10 na muƙaman zaɓe da 25 na naɗi, a 2019 aka ɗaga zuwa 25 da 30. Abin da ake faɗa a fadojin shayi a kan waɗannan, shi ake faɗa a Washington a kan DV: wani ya ce an danne cancanta, wani ya ce da ba a keɓe ba da har abada ba a shiga.

Hujja ɗaya ta masu adawa ita ta shafe mu kai tsaye, wato zamba. Lokacin da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta wajabta sa lambar fasfo a rajista a 2019, dalilin da ta bayar shi ne dillalai masu shigar da mutane da bayanan ƙarya ko ba da saninsu ba. Kotu ta rushe wannan sharaɗin a 2022, aka sake kawo shawarar maido da shi a 2025. Irin shagunan da ake magana a kansu ke nan, a Maradi da sauran biranen duniya.

A gaban kwamfuta

Shagon kirki ana gane shi tun daga tambayar farko. Magidanci ya shigo ya ajiye kartidante a kan tebur. Yaron da ya san aikinsa ba ya taɓa madannai sai ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, iyalin nawa ne? Yaran fa, har da na wajen wadda kuka rabu?" Idan dattijo ne ya kawo takardun ɗansa: "Baba, a ina aka haifi Yaya, nan cikin gari ko can wajen Jibiya?" Tambayoyi ne masu nauyin baki ga yaro a gaban babba, shi ya sa da yawa ke tsallake su. Alhaji ya ce, "Kai dai sa ni ni kaɗai, in na je na ɗauko su." Yaro ya ce, "To, Alhaji," ya danna marar aure, yara sifili. A nan takardar ta mutu, ko da kwamfuta ta zaɓe ta a watan Mayu.

Ƙa'idar ba ta da sassauci. Dole a rubuta matar aure, a rubuta duk ɗan da bai kai shekara 21 ba kuma bai yi aure ba, na cikinka da agola da wanda ka ɗauka riƙo ta hanyar doka, ko suna gidanka ko suna wajen kakarsu a Tibiri, ko za su bi ka ko ba za su bi ka ba. Kowannensu da hotonsa. Rubuta yaro bai tilasta maka tafiya da shi, amma barin sa yana kashe takardar gaba ɗaya, kuma kuɗin da ka biya a ofishin jakadanci ba a mayarwa. Ɗan ƙanenka da kake riƙo irin na zumunci ba ya cikin lissafi, sa shi ma laifi ne. Auren da aka ɗaura a masallaci aure ne, a rubuta matar, takardarsa a je a yi ta a meri (ofishin magajin gari) tun da wuri. Wanda ya yi aure ko ya samu ƙaruwa bayan rajista ba shi da matsala, ana ƙara su daga baya.

Mai mata biyu ko uku kuwa ya kamata a gaya masa gaskiya tun bai zauna ba. Dokar Amurka mace ɗaya ta sani, ta fari, kuma ta hana biza ga wanda zai shiga ƙasar don ci gaba da zama da mace fiye da ɗaya. Fam ɗin gurbin mata ɗaya gare shi, amma yaran kowane ɗaki dole su shiga. A garin da auren mace fiye da ɗaya ba abin mamaki ba ne, wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, kuma ita ce aka fi kauce wa. Shagon da ya ce maka "ba komai, ba za su sani ba", tashi ka bar shi. Takardun haihuwar yaran suna ɗauke da sunan uwar kowannensu.

Sai ƙasar haihuwa. DV ba ta duba fasfon da kake riƙe da shi, inda aka haife ka take dubawa. Bamaraɗen da aka haifa a Katsina ko Kano lokacin da iyayensa ke zaune can, ɗan Najeriya ne a lissafin shirin, ko da takardar ɗan ƙasa ta Nijar ce a aljihunsa. Hanya biyu ce doka ta bar masa. Ta farko, idan matarsa haifaffiyar Nijar ce, ya jingina da ƙasarta, da sharaɗin ya rubuta ta, a ba su biza tare, su shiga Amurka tare. Ta biyu, idan uwa da uba duk ba a Najeriya aka haife su ba kuma ba mazauna can ba ne lokacin haihuwarsa, fatauci ko karatu ko ziyara ya kai su, ya jingina da ƙasar ɗayansu. Ƙalilan ne cikin masu siba suka san waɗannan hanyoyin. Abin da aka fi sani shi ne ta bayan gida: mutum ya ƙetaro ta Dan Isa, a haɗa shi da wanda zai samo masa takardar haihuwa ta wani ƙauye a Madarumfa. Jami'in biza yana tambayar makarantar firamare, da sunan unguwa, da dalilin da ya sa haifaffen Nijar ba shi da takardar makaranta ko ɗaya ta Faransanci. Wanda aka kama da ƙarya a kan abin da ya shafi cancantarsa, haramcin shiga Amurka ne na har abada, ba na shekarar kawai ba. Akwai kuma kuskuren yatsa: a jerin ƙasashen da ke cikin fam ɗin Niger da Nigeria maƙwabtan juna ne, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Ka kalli allon da idonka kafin a tura.

Suna da ranar haihuwa, a kwafe su daga fasfo harafi da harafi. Idan fasfo ya ce Mahamadou, kada a rubuta Mamane don haka ake kiran ka a gida. Idan Issoufou ne, ba Yusuf ba. Sunan uba da ke matsayin sunan iyali a fasfo shi zai shiga gurbin sunan iyali, kada a juya su. Fam ɗin wata yake fara tambaya, sannan rana, sannan shekara, saɓanin yadda aka koya mana a lakwal. Yaron da ke sauri zai mai da 3 ga Yuli ta koma 7 ga Maris. Waɗanda takardarsu ta kotu ce, mai cewa an haife su wajejen shekara kaza, su bi ranar da aka sa musu a fasfo. Fam ɗin minti 60 yake bayarwa, daga nan ya share komai, don haka a shirya hotuna da takardu kafin a buɗe shi, musamman a shagon da ba shi da batir ko janareta.

Hoto shi ne wurin da shagunan ɗaukar hoto suka fi siba, kuma shi ne abin da ya cancanci a biya kuɗi a kansa. Murabba'i ne, fiksel 600 a tsaye 600 a kwance, JPEG mai launi, nauyinsa kada ya wuce kilobait 240. Kai, daga haɓa zuwa saman gashi, ya ci kashi 50 zuwa 69 cikin 100 na tsayin hoton. Bango fari, ba inuwa. Inuwar tana fitowa ne idan an manna mutum da bango aka haska shi da fitila ɗaya, maganinta a matso da shi kamar mita guda. Ba a sa tabarau tun Nuwamban 2016. Hijabi ya halatta matuƙar fuska a buɗe take daga goshi zuwa haɓa, amma farin hijabi a kan farin bango yana narkewa, a zaɓi mai duhu. Hula gara a cire ta. Jariri a kwantar da shi kan farin zane a ɗauka daga sama, kada hannun uwa ya fito. Hoton ya zama na cikin wata shida da suka wuce, na bara ba ya karɓuwa. Abin da ya fi ɓata aiki shi ne gwanintar mai hoto: ya yanke bangon shago ya manna fari, ya goge zanen fuska, ya ƙara wa mutum haske don ya ji daɗi. Hoton da aka taɓa da kwamfuta haka ƙa'ida ta hana shi. Wanda aka turo ta WhatsApp kuma manhajar ta matse shi, a karɓa ta kebul ko a tura shi a matsayin fayil.

Mutum ɗaya, rajista ɗaya. Wanda ya cike a unguwar Zariya da safe ya sake cikewa a unguwar Ali Dan Sofo da yamma don ƙara sa'a, ya soke duka biyun, domin ana gwada fuskoki da na'ura. Hanyar halal ta ninka dama ita ce miji ya cike nasa ya sa matar, matar ta cike nata ta sa mijin.

Sharaɗin ilimi shi ne inda shagunan suka fi cin kuɗin mutane a banza, tun da fam ɗin yana karɓar kowa, sai a wurin ganawa ake neman shaida. Ana son kammala karatun firamare da sakandare na aƙalla shekara 12. A tsarinmu na shekara shida, huɗu, uku, ma'anarsa BAC, takardar kammala babbar sakandare. BEPC, ta ƙaramar sakandare, bai isa ba. Wanda ya kai ajin ƙarshe na lise ya faɗi jarrabawar bai isa ba. Saukar Alƙur'ani a makarantar allo, duk girmanta a wurinmu, ba ta cikin abin da suke ƙirgawa. Ɗaya hanyar ita ce shekara biyu ta aiki cikin shekara biyar da suka wuce, a sana'ar da ke buƙatar horon shekara biyu, kuma ma'aunin jerin O*NET ne na ma'aikatar ƙwadagon Amurka, rukuni na 4 ko na 5. Tuƙi da ɗinki da kabu-kabu da tsaron shago ba su kai wannan rukunin ba, ko mutum ya yi shekara 20 yana yi. Wanda aka cike da sunansa shi kaɗai ake nema wa takardar. Idan matar ce ke da BAC mijin ba shi da shi, rajistarta ce mai rai.

Lambar shaida

Bayan an tura, shafin yana fito da lamba mai haruffa da alƙaluma 16, tana farawa da shekarar shirin. Da ita, da sunan iyali, da shekarar haihuwa ake duba sakamako daga watan Mayu. Gwamnatin Amurka ba ta aiko wasiƙa ko imel ko saƙon waya cewa ka ci. Duk saƙon da ya ce ka ci, ka aiko da kuɗi, na ɓarayi ne.

A kan wannan lambar ake raba mai sana'a da dillali. Mai sana'a yana buga maka shafin, ya ce ka ɗauke shi hoto da wayarka, kuma imel ɗinka yake sawa a fam. Dillali ba ya karɓar ko dala a wajen cikewa, wani har gida yake bi da kamara. Lambar tana hannunsa, imel ɗin nasa ne. Shafin yana da hanyar dawo da lambar da ta ɓace, amma sai da imel ɗin da aka yi rajista da shi, shi ya sa ya sa nasa. Ranar da sunanka ya fito, ya zo da farashi, ko da sharaɗin ka ɗaura auren takarda da wata da ta biya shi. Ofisoshin jakadanci sun daɗe da sanin matar da ke ɓullowa bayan sakamako. Ana raba ku, a tambayi kowa abin da mijin gaske da matar gaske ba sa kuskurewa. Kyautar dillali ita ce ta fi kowane farashi tsada a kasuwar nan.

Tun Satumban 2025 an kuma sa kuɗin rajista na dalar Amurka ɗaya, ana biya ta intanet a shafin. Ba ta kai jika ba. Shagon da ya biya maka da katinsa yana da haƙƙin ɗora ladansa, amma ka san asalin kuɗin kafin a faɗa maka wani adadi.

Wanda aka zaɓa bai ci biza ba tukuna. Ana zaɓar fiye da mutum 100,000 don gurbin da bai wuce 55,000 ba. Kowa yana samun lambar layi mai ɗauke da AF, alamar shiyyar Afirka, kuma jadawalin biza na wata-wata ke nuna inda layi ya kai. Mai babbar lamba yana iya ƙare shekara ba a kira shi ba, ranar 30 ga Satumba kuma komai ya rufe, ba a ɗaga wa kowa. Bayan zaɓe sai fam ɗin DS-260, wanda ya fi na farko tsawo nesa ba kusa ba: duk inda ka zauna tun kana shekara 16, makarantu, ayyuka, shafukanka na sada zumunta, adireshin wanda zai sauke ka a Amurka. Cibiyar ma'aikatar harkokin wajen Amurka da ke jihar Kentucky ce ke tsara ranar ganawa. Ana son fasfo, takardar haihuwa, ta aure, BAC na asali, da takardar shaidar rashin laifi ga duk mai shekara 16 zuwa sama, har daga wata ƙasar da ya zauna shekara guda ko fiye. Wanda ya yi karatu a Kano ko Khartum ko Madina ya lura da wannan. Kuɗin ganawa dalar Amurka 330 ne a kan kowane kai, jariri ma haka. Iyali mai mutum biyar 1,650 ke nan, kusan miliyan ɗaya na sefa, ban da likita, ban da dalar Amurka 235 ta katin zama ga kowane mutum, ban da tikiti, ban da zirga-zirgar kilomita fiye da 600 zuwa Yamai. A wannan matakin mafi yawan sibar Maradi ba su da abin da za su ƙara maka. Wanda ke jin Ingilishi sosai ya zauna kusa da kai ya fi.

Tatsuniyoyin da ake haɗawa da rasit

Biyu sun fi yawo. Ta farko, wai gwamnati za ta ba ka gida da aiki. Tallafin sauka na ƴan gudun hijira ne, mai DV ba ya cikinsu. Hasali ma sai ya gamsar da jami'in cewa ba zai zama nauyi ga hukuma ba, kuma dokar 1996 ta hana sabon mai katin zama yawancin tallafin tarayya har shekara biyar. Abin da ke riƙe sabon zuwa shi ne ƴan'uwa: ƴan Nijar da ke Bronx da Harlem, da Greensboro a Karolina ta Arewa, da Harrisburg. Su ke ba da katifa da aikin farko. Zama cikinsu yana da daɗi, amma wanda ya shekara uku bai fita daga Hausa da Zabarmanci ba, zai tarar Ingilishinsa na nan inda ya baro shi, alhali bayan shekara biyar jarrabawar zama ɗan ƙasa da Ingilishi ake yin ta. Ga masu nema daga Oktoban 2025, tambaya har 20 ake yi daga cikin 128, sai an ci 12. Yaran kuma akasin haka ne, cikin shekara kaɗan su ke yi wa uba tafinta, Hausar ce ke zame musu. Masu adawa da shige da fice suna kukan baƙi ba su narkewa cikin al'umma, iyaye a can suna kukan yara sun narke fiye da kima. Namiji mai shekara 18 zuwa 25 dole ya yi rajistar hukumar ɗaukar soja. Wanda ya karɓi kati ya dawo Maradi ya zauna fiye da shekara ba da izinin komawa ba, ana ɗauka ya yar da shi.

Ta biyu, wai baƙar fata gurbinsa a jami'a a ajiye yake. Ko a da ba haka abin yake ba, launin fata ɗaya ne daga abubuwan da wasu jami'o'i ke dubawa. Ranar 29 ga Yuni 2023 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Harvard da Jami'ar Karolina ta Arewa, ta haramta hakan. Tun kafin hukuncin ma akwai tsami tsakanin baƙi da baƙaƙen Amurka jikokin bayi a kan wa aka yi wa tsarin. Binciken da Douglas Massey na Princeton da abokan aikinsa suka fitar a 2007 ya nuna kashi 27 cikin 100 na baƙaƙen ɗalibai a manyan jami'o'in da suka duba baƙi ne ko ƴaƴan baƙi, a rukunin Ivy, wato su Harvard da Princeton, kuma kusan kashi 41. Bamaraɗen da ya sauka yana ganin duk baƙi ɗaya ne zai yi mamakin yadda ake kallon sa. Abin da katin zama ke bayarwa na gaske shi ne damar neman tallafin karatu na tarayya, da kuɗin makaranta na ɗan jiha bayan an zauna kamar shekara guda, da kwalejojin shekara biyu masu sauƙin kuɗi. BAC da lisans na nan sai an kai su an tantance kafin a san matsayinsu.

Idan aka auna, jika ɗaya ko biyu ga shagon da ya ɗauki hoto daidai, ya yi tambayoyin nan masu nauyi, ya juyo maka allo ka karanta, ya miƙa maka lambarka, kuɗi ne da ya halatta. Wanda ke da BAC da waya mai kyau zai iya cike fam ɗin da kansa, hoton kawai zai saya. Ga waɗanda aka riga aka zaɓa a DV-2026, wa'adinsu 30 ga Satumba 2026 ne. Haramcin shiga Amurka da aka sa wa ƴan Nijar bai shafi wanda ya riga ya mallaki katin zama ba, haka mai ƙasa biyu da zai yi tafiya da fasfon ƙasar da ba ta cikin jerin. Wanda fasfon Nijar kaɗai gare shi, kada ya biya kuɗin likita, kada ya sayi tikiti, kada ya ba kowa kafin alƙalami, sai ya ga ranar ganawa da wurinta a rubuce cikin shafin da ya buɗe da lambarsa. Gwajin likitan ma wa'adinsa bai wuce wata shida ba, kuma likitan da ofishin jakadanci ya amince da shi kaɗai ake karɓar takardarsa.